Karatu a Gida: Abin da 'Yan Makaranta Suka Gani

 A wannan fitowa za mu ajiye zancen iri da taki, mu ɗauki wani zance da yake tasowa kusan a kowane taron ƙungiya da muka halarta a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum. Zancen kuwa na yaranmu 'yan makaranta ne. Sau da yawa cikin shekarun nan an rufe makarantu, aka ce yara su koma gida su ci gaba da karatu a can. To, karatun gida yana yiwuwa? In yana yiwuwa, ga wa, kuma ta yaya?

Hukuma ta faɗi nata ra'ayi, iyaye sun faɗi nasu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka a wuraren da muke zagaye mun riƙa zama da ɗaliban kansu, maza da mata, muna tambayarsu yadda zaman gida ya kasance musu. Abin da suka gaya mana, da abin da aka gani a waɗansu ƙasashe, shi ne muka tara muku a nan.

YADDA YARANMU SUKA KOMA GIDA

Bari mu fara tuna yadda abin ya faru, gama kwanaki sukan ruɗe.

Rufewa ta fari ta zo ne saboda cutar korona. An sami mutum na farko mai cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Gwamnonin Arewa maso Yamma suka ce a rufe makarantu daga ran 23 ga Maris har kwana 30. Kwana talatin ɗin suka zama watanni. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare ne suka fara komawa a farkon Agusta, domin jarrabawar WAEC, wadda aka saba yi wajen Mayu da Yuni, ta koma ran 17 ga Agusta a wannan shekara. Sauran yara sai wajen ƙarshen shekara suka ga aji.

Ba a daɗe da komawa ba sai ga rufewa ta biyu. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai mata a makarantar sakandare ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, ba nisa da Anka. An sako 279 ran 2 ga Maris. Gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana.

Ta uku ita ce mafi tsanani. Ran 1 ga Satumba 2021 aka kwashi ɗalibai fiye da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun. Nan take aka rufe dukan makarantun jiha, firamare da sakandare. Bayan kwana biyu aka yanke layukan waya a Zamfara duka. An hana cin kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, mu na yamma kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A Janairu 2022 aka soma buɗe waɗansu makarantu, waɗansu suka ci gaba da zama a kulle. Cikin wannan wata ne kuma aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane da yawa suka bar gidajensu.

Kada mu ɗauka abin ya wuce. A Nuwamba 2025 an sace ɗalibai mata 25 a Maga, ƙasar Danko-Wasagu ta Jihar Kebbi, maƙwabtanmu na kudu, har Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantunta fiye da 40 na ɗan lokaci. Manomin da fari ya taɓa ci ba ya sayar da hatsinsa duka da kaka. Haka ya kamata mu yi tanadi domin karatun yaranmu.

DABARAR DA AKA KAWO

Da aka rufe makarantu a 2020, ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta ɗalibai wajen biliyan 1 da miliyan 600 suka zauna gida, a ƙasashe fiye da 190. Ma'aikatan ofis a manyan birane suka koma yin aikinsu daga gida da kwamfuta. Aka ce ɗalibai ma su yi haka. A ƙasashen masu hali malami yana gidansa, yara suna nasu gidaje, suna ganin juna ta intanet. A nan Arewa jihohi da dama suka shirya darussa a rediyo da talabijin, waɗansu da taimakon UNICEF. Waɗansu makarantu masu zaman kansu suka riƙa aika aiki ta WhatsApp.

Niyya mai kyau ce. Amma kowace hanya tana da abin da take bukata. Talabijin yana son wutar lantarki. WhatsApp yana son babbar waya, da kuɗin data, da caji, da layi mai ƙarfi. Rediyo ne mafi sauƙi, shi ma yana son batir, da wanda zai bar wa yaro shi a daidai lokacin darasi. A Agusta 2020 UNICEF ta ba da labari cewa aƙalla yara miliyan 463, watau kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, ba su da hanyar samun darasi daga nesa ko kaɗan. Yawancin yaran ƙauyukanmu suna cikin wannan lissafi.

A rufewar 2021 kuwa ko wannan 'yar hanya ba ta rage ba. Layin waya babu. Mai shagon caji da janareta yake aiki, ga shi an hana fetur a jarka. Kasuwar da ake sayen batir da alli da littafin rubutu ba ta ci. Aka bar yaro da tsohon littafinsa, in gara ba ta riga shi ba.

ABIN DA ƊALIBAN SUKA CE

Ba bakinsu ɗaya ba. Mun lura ra'ayin kowa yana bin irin aikin da gida ya ɗora masa.

Yara maza na firamare da ƙaramar sakandare sun amsa ba ɓoye-ɓoye: da fari murna suka yi. Babu sammako, babu bulala, babu tafiyar ƙasa. Amma rufewar 2020 ta faɗo ne da bazara, lokacin sharar gona da kai taki. Kafin a ce haka ruwa ya sauka, aka shiga shuka, noman fari, maimai, huɗa. Ta 2021 kuma ta zo daidai girbin gero, ta haɗa da wake da dawa. Yaron da yake gida, hannu ne a gona. Ba wanda ya ce masa ya bar karatu. Fartanya ce kawai ta riga littafi zuwa hannunsa kowace safiya. Da yamma ya dawo a gajiye, fitila kuwa ɗaya ce a gidan. Da yawa cikinsu sun ce ba su san karatu yana zubewa ba sai ran da suka koma aji, malami ya rubuta lissafin da suka iya a dā, suka tsaya suna kallon allo.

'Yan mata sun fi kowa ƙin karatun gida, kuma dalilinsu a fili yake. Yaro namiji in an tashi daga gona ya tashi. Aikin tsakar gida ba shi da lokacin tashi. Ɗebo ruwa, surfe, daka, wanke-wanke, reno, sa'an nan talla. Iyayenmu mata sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, suna yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da fura, amma ƙafar wannan sana'a ita ce yarinya mai kai kaya waje. Makaranta ce take ba yarinya awoyi biyar ko shida waɗanda ba wanda zai aike ta. Da aka rufe, awoyin nan suka koma cikin tire. Akwai kuma abin da suka fi tsoro, ko da yake a hankali suke faɗinsa: in yarinya ta yi wata shida a gida, sai a fara cewa zaman me take yi, sai maganar aure ta taso. Mun san gidajen da aka buɗe makaranta, ƙanne suka koma, yayarsu ba ta koma ba. An ga irin wannan a Saliyo lokacin cutar Ebola, inda aka rufe makarantu tun tsakiyar 2014 har Afrilu 2015. An yi musu darussa a rediyo, duk da haka 'yan mata da yawa ba su koma aji ba.

'Yan ajin jarrabawa ra'ayinsu ya rabu biyu. Waɗanda suke da littattafai da tsofaffin takardun tambayoyi sun ce zaman gida ya ba su zarafin bita. Tarihi, Hausa, aikin gona da sauran darussan da ake karantawa a riƙe, sun ce waɗannan ana iya yinsu a gindin bishiya. Amma lissafi, kimiyya da Turanci sun gagara. In ka kakare a tsakiyar lissafi, littafi ba zai duba inda ka ɓata ba. Game da rediyo kuwa kukansu iri ɗaya ne: malamin yana sauri, ba a ganin abin da yake rubutawa, ba a ce masa ya maimaita, kuma darasin yau na wani aji ne, naka sai jibi.

Manyan ɗalibai, na kwalejin ilimi ta Maru, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, da jami'ar tarayya ta Gusau da sauransu, su ne suka fi ganin amfanin abin. 'Yan jami'a ma sun daɗe a gida fiye da kowa, gama ban da korona malamansu sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba 2020, suka sake yin wani daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022. Sun ce wanda ya riga ya iya karatu da kansa, yana da waya, yana iya ci gaba a gida, har ya rage kuɗin mota da na haya da na abinci. Waɗansu sun yi noman rani a fadamar Gulbin Zamfara suka tara kuɗin makaranta. Amma su ma sun kawo kuka biyu. Na ɗaya, kuɗin data da neman inda layi yake kamawa. Na biyu, kaɗaici. A makaranta in ka ga abokinka yana karatu sai kunya ta kama ka, kai ma ka ɗauki littafi. A gida babu mai sa ka jin wannan kunya.

Abu ɗaya ne dukansu suka yarda a kai, kuma dole mu faɗe shi. Sun ce in za a zaɓa tsakanin kwana a makarantar da ba ta da tsaro da zama a gida, gida suka zaɓa. Ba wanda zai ga laifinsu. Tambayarmu ita ce yadda za a yi zaman gidan kada ya zama asara.

MURHU DUTSE UKU NE

Sa'ad da muke kwalejin horon malamai an nuna mana cewa darasi yana da sassa uku. Malami ya nuna. Yaro ya gwada da hannunsa. Malami ya duba ya gyara. Kamar duwatsun murhu suke. In ka cire ɗaya tukunya ta kife. Rediyo yana ba da dutse na fari kaɗai. Yaro mai himma yana iya kawo na biyu. Na uku, watau mai dubawa ya gyara, shi ne ya ɓace a yawancin gidajenmu. In kun sake duba abin da ɗaliban nan suka faɗa, za ku ga kukansu duka a kan wannan dutse yake, tare da rashin lokaci da rashin wuri.

Binciken da aka yi a waɗansu ƙasashe ya nuna haka nan.

A ƙasar Sin, wani kamfani mai suna Ctrip, mai sayar da tikitin tafiya da kama wa matafiya masauki, ya gwada aikin gida na wata tara daga 2010 zuwa 2011, da ma'aikatansa masu amsa waya a birnin Shanghai. Waɗanda suka yi aiki daga gida sun fi na ofis yawan aiki da kashi 13 cikin 100. Amma ku lura da sharaɗin da aka sa: sai wanda ya riga ya yi wata shida yana aikin, yana da intanet, yana kuma da ɗaki nasa na kansa inda ba mai damunsa. Duk da haka, da gwajin ya ƙare aka ba su zaɓi, wajen rabinsu suka koma ofis, da yawa saboda kaɗaici. Ashe aikin gida yana yi wa wanda ya riga ya gwane, mai wuri, mai kayan aiki. Yaron da yake koyon haɗa baƙi bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗan nan ba.

A ƙasar Holan kusan kowane gida yana da intanet mai ƙarfi, kuma mako takwas kaɗai aka rufe makarantun firamare a farkon 2020. Masana suka duba sakamakon jarrabawar yara wajen 350,000. Suka tarar yaran kusan ba su ƙaru da kome ba cikin makonnin nan. Yaran da iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba, asararsu ta fi ta sauran, har da kashi 60 cikin 100. In haka ta faru inda akwai kome, sai mu auna namu.

Labarin da ya fi ƙarfafa mana zuciya daga Botswana ya fito, a kudancin Afirka. A 2020 aka gwada wata dabara da gidaje wajen 4,500 masu yara 'yan firamare. Waɗansu gidaje ana aika musu 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon waya kowane mako. Waɗansu kuma ban da saƙon, wani yakan kira su, ya yi minti 15 zuwa 20 yana bi da yaron cikin lissafin, mahaifi ko mahaifiya na kusa. Saƙo kaɗai bai yi wani tasiri ba. Amma inda aka haɗa da kira, yawan yaran da ba su iya lissafi ko kaɗan ba ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙaramar waya ce, irin wadda take aljihun yawancinmu. Abin da ya kawo bambanci shi ne mutum mai tambaya, mai saurare, mai gyarawa, ko da sau ɗaya ne a mako.

Mu ma a nan karatu daga gida ba baƙo ba ne. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, watau NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta, domin malamai su ƙara ilimi ba tare da sun bar ajinsu ba. Malamai da yawa a ƙasar nan ta wannan hanya suka sami takardar shaidarsu. Amma NTI ba ta tsaya ga raba littattafai ba. Tana da wuraren haɗuwa, inda ɗalibai suke zuwa a ƙarshen mako da lokacin hutu, su sadu da malami, a duba aikinsu. Maƙwabtanmu masu makarantar allo kuma a zaure suke karatu tun kaka da kakanni, ba bene ba lantarki, amma kullum akwai malam zaune, akwai lokaci sananne, yaro kuma ba ya wanke allonsa sai ya biya an ji.

BA KOWANE AIKI AKE KAWOWA GIDA BA

Akwai wani darasi game da aikin gida wanda ƙasarmu ta biya da tsada, kuma ya shafi karatun yara kai tsaye.

Kafin 2010, da kuɗin zinariya ya hau, mutane a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa kawo duwatsun da suka haƙo cikin gida. Ana fasa su a tsakar gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ana shanya garin inda yara suke rarrafe. Dalilin yin haka ba wauta ba ce: a gida kaya ba ya ɓata, mata kuma suna iya sa hannu su sami nasu. Abin da ba a sani ba shi ne duwatsun cike suke da dalma. A Maris 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa da yawa. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu a shekarar ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara guda, kuma gidaje bakwai cikin goma suna sarrafa dutsen a cikin gida. Gaba ɗaya yara aƙalla 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje a 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Guru, Tungar Daji da Duza, aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi nata.

Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami. Wanda ya tsira da rai yana iya tashi da nauyin fahimta da saurin mantuwa. Yaran da suke goye ko suke tatata a 2010, su ne 'yan shekara goma zuwa goma sha biyar sa'ad da aka rufe makarantu a 2020 da 2021. Irin waɗannan yara sun fi kowa bukatar malami mai haƙuri da maimaitawa. In kuna da irinsu, kada a kira su dakikai, kada a doke su saboda karatu. Kuma har gobe, dutsen ma'adini da tufafin da aka yi aikinsa da su kada su shigo inda yara suke ci, suke wasa, suke karatu.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, ƙungiya tana iya ɗauka. Ga shawarwarinmu, kuma tun makaranta tana buɗe ya kamata a shirya su.

1. Sakataren ƙungiya ya rubuta sunan kowane ɗan makaranta na gidajen membobi, da ajinsa, a bayan littafin ƙungiya. Ran da aka rufe makaranta mun san yawan waɗanda suke hannunmu. Ran da aka buɗe kuma mu bi sunayen ɗaya ɗaya, mu ga wanda bai koma ba, mu je gidansu mu ji dalili.

2. A nemi mai dubawa. Kusan kowane ƙauye yana da malamin da ya yi ritaya, ko ɗalibin kwaleji da yake gida, ko wanda ya gama sakandare. A yi magana da shi tun yanzu, a yanka masa ladansa, ko da mudun hatsi ne daga kowane gida, ko kuwa a yi masa gayya a gonarsa. Shi ma zai sami maganin kaɗaicinsa, gama mai koyarwa yana ƙara koyo.

3. A raba yara ƙanana ƙanana, biyar zuwa goma, kowane rukuni a zaure ko inuwar da take cikin unguwarsu. Kada a tara yara da yawa wuri ɗaya, kada a yi da dare, kada yaro ya bi hanyar daji saboda karatu. In gari ba lafiya, a dakata. Rai ya fi karatu.

4. A yanka lokaci, kowa ya san shi. Awa biyu a rana ya isa in ana yi kullum. Da damina lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an dawo daga gona da tsakar rana, kafin a koma da yamma. Cikin awa biyun nan ba aike, ba kiwo, ba talla.

5. Iyaye mata, wannan taku ce musamman. Mun san ribar talla ce take sayen gishiri da sabulu, ba mu raina ta ba. Amma ku shirya tsakaninku, ko a sauya lokacin fita da kaya, ko mace ɗaya babba ta karɓi kayan gida biyu ko uku, domin yarinya ta sami awoyinta kamar ɗan'uwanta. Iyaye maza kuma, rufe makaranta hutu ne na dole, ba sallama ba ce. Kada a yanke wa yarinya maganar aure saboda an ga tana zaune.

6. Daga asusun ƙungiya a sayi rediyo ɗaya mai aiki da hasken rana, da fitila irin tasa, da kwalin alli, da littattafan rubutu. Katako mai santsi da aka shafa wa gawayi ya isa allo. A ajiye su wurin ma'aji kamar yadda muke ajiye iri. Littattafan yara kuma a sa su cikin leda ko kwano mai murfi, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ruwa.

7. In akwai darasi a rediyo, kada a bar yaro shi kaɗai da shi. Mai dubawa ya saurara tare da su, ya rubuta a allo abin da malamin rediyo yake faɗi. In shirin ya ƙare, a maimaita, kowane yaro ya yi aiki a littafinsa, a duba. Inda akwai babbar waya da layi, akwai darussa kyauta a shirin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a Maris 2022.

8. In layi yana aiki, a roƙi malamin yaron ya riƙa kira sau ɗaya a mako, ƙungiya ta sa masa kati. Minti ashirin na tambaya da amsa sun fi saƙo ashirin.

9. Mahaifin da bai yi boko ba, kada ya ce ba ruwansa. Kai ma kana iya zama dutse na uku. Ka ce yaro ya karanta maka rubutun da yake jikin buhun taki ko kwalbar maganin feshi. Ka tambaye shi: in buhu ɗaya kilo 50 ne, mutum biyar suka haɗa kuɗi suka sayi buhu biyu, kilo nawa kowa zai samu? Kai ka san amsar tun kafin ya ɗauki alƙalami. Ka sa shi ya rubuta yawan dammunan da aka kai rumbu, da abin da aka kashe wajen ƙwadago. Wani ɗan ƙungiya ya yi haka, sai ya tarar ɗansa na aji biyar ba ya iya karanta layi guda. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma gara da ya sani tun icce yana ɗanye. Yau yaron ne yake karanta masa wannan takarda.

TAMBAYOYI DOMIN TARON WATA

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi a karanta wannan bayani a taro, a kuma gayyaci ɗalibai biyu ko uku, mace da namiji, su zauna a ji daga bakinsu. Sa'an nan a tattauna waɗannan:

Yara nawa ne daga gidajenmu ba su koma makaranta ba tun rufewar 2020 da 2021? Nawa ne mata a cikinsu? Akwai wanda har yanzu za a iya mayarwa?

Wane ne a ƙauyenmu zai iya zama mai dubawa, kuma me za mu ba shi?

In aka rufe makaranta gobe, a zauren wa yara za su zauna, da ƙarfe nawa?

Abin da kuka shirya, ku ba malamin gona na yankinku in ya zo zagaye, domin mu sanar da sauran ƙungiyoyi su ma su ƙaru. Sai fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.